Famfon da ferik ba zai cinye ba: yadda nake zaɓar famfon feshin fanel

Famfo uku na kashe wajen feshin ferik, sinadarin da ke cinye jan ƙarfe a kan allon lantarki, kafin in gane cewa ba ƙarfin famfo ya kamata in fara tambaya a kasuwa ba. Na farko na feshin gilashin mota ne, wani abokina bakanike a Runjin Sambo ya ciro mini shi kyauta. Ya yi aiki ranar Asabar, ya yi ranar Lahadi, ranar Laraba na jona masa batir sai gurnani, ko ɗigo bai fito ba. Da na fasa shi, 'yar sandar ƙarfen da farfela, wato fankar da ke tura ruwa, ke juyawa a kanta ta koma kamar asawakin da aka gama taunawa. Na biyu na tankin kifi ne. Na uku shi ya fi yi mini ciwo, don kuɗi na sa na saye shi, mai shagon yana ta rantse-rantse: "Malam, wanga sitenles na, ko ruwan gishiri kaz zuba mai ba ya tsatsa." Ban riƙe shi a zuciya ba. Shi ruwan rijiya ya sani, ni kuma ban gaya masa abin da zan ɗura a ciki ba.

Gyaran inbata da na'urorin cajin sola nake yi a Mabera, kuma sau da yawa wani ɗan ƙaramin fanel, wato allon da ke ɗauke da layukan lantarki a cikin na'ura, ke ƙonewa wanda babu irinsa a gari. Maimakon in jira makonni a kawo daga waje, sai in zana shi a kwamfuta, in buga da firinta mai leza, in manna tawadar a kan allon jan ƙarfe da dutsen guga, sannan in yi abin da muke kira ecin, wato in bar sinadari ya cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba. Shekaru na yi ina jijjiga roba da hannu, minti ashirin ko talatin a kan allo ɗaya. Jan ƙarfen da ke jikin allo kaurinsa maikiron 35 ne kawai, wato milimita 0.035, amma idan ya daɗe a jiƙe, sinadarin ba ƙasa kaɗai yake ci ba, yana shiga ta gefe ƙarƙashin tawadar, sai ka ga siraran layuka sun yanke. Feshi yana kawo sabon ruwa a kan allon kowane lokaci, yana kuma wanke wanda ya riga ya ƙoshi, shi ya sa aikin ke ƙarewa cikin 'yan mintoci, gefen layuka ya fito a miƙe. Akwatin feshin ba wuya: robar ajiye kaya mai murfi, bututu, bakin feshi. Famfon ne duk rigimar.

Abin da ruwan ke taɓawa

Yawancinmu ferik kulorayid muke amfani da shi, wannan ruwan mai launin shayin da ya sha wuta, wanda in ya ɗiga a riga sai dai ta zama ta aiki. Wasu kuma suna haɗa asid na HCl da haidirojin ferokzayid, wanda bayan ya ci jan ƙarfe yake komawa kore, ya zama kufurik kulorayid. Duka biyun an yi su ne don cin ƙarfe, kuma ba sa bambance ƙarfen allonka da ƙarfen famfonka. Tagulla abinci ce gare su. Alminiyam kuwa in ya faɗa cikin ferik tafasa yake yi har da zafi da hayaƙi, kada ma ka gwada. Sitenles shi ke yaudarar mutane. Abin da ke hana shi tsatsa wata siririyar fata ce da iska ke gina masa a jiki, kulorayid kuma yana huda wannan fatar, ya yi rami kamar bakin allura, ya ci gaba da ci ta ciki alhali waje yana ƙyalli. Ko 304 aka rubuta ko 316, labarin ɗaya ne, bambancin kwanaki ne. Masana'antu ma da ferik suke zana rubutu a jikin sitenles. Ƙarfen da na sani yana jure wannan ruwa shi ne titaniyom, shi ya sa manyan injinan ecin ke amfani da shi, amma ba abin da za ka tsinta a teburin mai kayan famfo ba ne.

Saboda haka ƙa'idata ita ce: duk inda ruwan zai bi, daga bakin tiyon shiga har bakin feshi, kada a samu ƙarfe ko girman ƙwayar gero. Gidan famfo na iya zama roba tsantsa, amma sifirin ɗaya a cikin bawul, ko sukuru ɗaya da ke riƙe farfela, ya isa ya kashe shi.

Ita ma robar ba duka ce ɗaya ba, nan ne na fi daɗewa cikin duhu. Masu jurewa su ne PP, da PVC irin na bututun ruwa, da HDPE irin na jarka, sai manya masu tsada, PVDF da Teflon. Waɗanda ba sa jurewa su ne nailan da asetal. Abin haushi, waɗannan biyun su ne masu ƙera kaya suka fi so wajen yin ƙananan giya da farfela da mahaɗan tiyo, saboda suna da ƙarfi da santsi. Asid yana sa nailan ya kumbura ya tsattsage, asetal kuma ya yi fari ya riƙa marmashewa. Juya kayan ka duba bayansa, yawanci akwai tambari ƙarami. In ka ga PP, ko lamba 5 a cikin alwatika, alhamdu lillahi. Lamba 2 HDPE ce, 3 kuma PVC. In ka ga PA6 ko PA66, nailan ne, POM kuma asetal ne, ajiye wa mai shi kayansa. In babu tambari, akwai dabarar kofi: yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa. PP da HDPE suna tasowa, nailan da asetal suna nutsewa. Sai dai kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai, domin PVC ma yana nutsewa, haka PP ɗin da aka cakuɗa da zaren gilashi da yawa, kuma dukansu biyu lafiyayyu ne. Wanda ya taso ka amince da shi, wanda ya nutse ka ƙara bincike.

Roba mai laushi, wato zoben da ke toshe mahaɗa da fatar da ke cikin bawul, a nemi Viton, wanda wani lokaci ake rubutawa FKM, ko EPDM, ko Santoprene. Sanda kuwa, in famfon mai farfela ne, ta zama ta tangaran. Gane ta ba wuya: fara ce sol, mayen ƙarfe ba ya kama ta, in ka ɗora mata wayoyi biyu na mitar gwajin lantarki, mitar ba ta yin ƙara. Kada ka dogara da mayen ƙarfe shi kaɗai, don yawancin sitenles ma ba ya kamawa. Mita ce ke faɗin gaskiya. Ni yanzu ba na zuwa sayen famfo sai da mita da sukuddireba a aljihu, in mai shago ya ƙi a buɗe, in yi masa sallama.

Turi ko yawan ruwa

Bayan ka tabbatar ruwan ba zai ci famfon ba, sai tambaya ta biyu: zai iya feshi kuwa? Famfon tankin kifi da na ambata bai mutu da wuri ba, sandarsa ta tangaran ce. Matsalarsa ba shi da turi. Yana kwararo ruwa da yawa in bakin a buɗe yake, amma da na sa masa bakin feshi sai ya koma tsiyaya kamar butar da ta huje.

Lissafin mai sauƙi ne. A jikin famfo mai farfela ana rubuta tsayin da zai iya tura ruwa sama. Ma'aunin turi "ba" ake ce masa, kuma mita 10 na ruwa daidai yake da kusan ba 1. Famfon kifi mai mita 2 ke nan yana ba ka ba 0.2, kuma wannan a lokacin da ko ɗigo ba ya fita. Bakin feshi irin na gona kuwa a kan ba 3 ake auna shi, kuma launinsa yana gaya maka abin da yake sha: ruwan ɗorawa lita 0.8 a minti, shuɗi lita 1.2, ja lita 1.6. Ba lallai ka kai ba 3 ba, tsakanin 1.5 da 2 yana buɗe feshin ya yi faɗi yadda ake so. A ba 2, ruwan ɗorawan yana shan kusan lita 0.65 a minti. In za ka jera huɗu, ka ga kana bukatar famfon da zai ba da wajen lita 3 a minti alhali yana riƙe da wannan turi. Lambar da aka rubuta da manyan haruffa a kwali ta lokacin da babu komai a bakinsa ce, don haka nemi wanda lambarsa ta ninka bukatarka ko kusa da haka.

Akwai kuma nauyi. Ferik mai kauri yadda ake sayar da shi, lita ɗaya tana kai wa wajen kilo 1.4. Famfo mai farfela zai ɗaga shi tsayi ɗaya da ruwa, amma motarsa za ta ja kaya fiye da na ruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Motar da ke aiki a bakin iyakarta da ruwan famfo, da ferik za ta yi zafi.

Iri biyu ne suka cancanci kuɗinka

Na farko shi ne mai juyawa da maganaɗisu. A irin wannan babu sandar da ta ratsa daga mota zuwa cikin ruwa, don haka babu sil ɗin da zai yi yoyo. Motar tana juya maganaɗisu a waje, shi kuma yana jan wani maganaɗisun da aka lulluɓe da roba a ciki tare da farfela. Kamfanin Iwaki na Japan ya yi suna da su, jerin da ake kira MD: gida na PP, sanda ta tangaran. Wajen juriya babu kamarsa, zai yi shekaru yana wanka da ferik, ba ƙara, ba bugu. Amma yana da sharuɗɗa. Ƙananansu mita kaɗan suke turawa, sai ka hau manya kafin ka ga turin kirki. Ba ya zuƙo ruwa da kansa, dole a ajiye shi ƙasa da tankin yadda ruwa zai gangaro ya cika shi. Ba ya yafe aiki a bushe, domin ruwan ne man da ke sanyaya sandar, in ya juya ba ruwa robar ciki narkewa take yi. In kayan ya yi masa nauyi maganaɗisun biyu suna kuɓucewa juna, ka ji mota na gudu ruwa ba ya motsi, sai ka kashe ka sake kunnawa. Sannan ka karanta farantin jikin motar da kyau in na hannu ne daga waje: wanda aka yi wa Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne a kan 60Hz, wutarmu kuma 230 ce a kan 50Hz. Ko ka sa masa taransifoma, zai juya a hankali, turinsa ya ragu.

Wanda ya samu irin wannan, shawarata kada ya wahalar da shi da bakin feshin gona. Ya samu bututun PVC, ya huda masa jerin ramuka da bakin dirin fanel na milimita 1, ya bar yawan ruwan ya yi aiki, yana motsa allon gaba da baya don kada ramukan su zana masa layi-layi.

Na biyu, wanda nake amfani da shi yanzu, shi ne mai fatar roba da ke bugawa, dayafuram, na bolt 12. Duk wanda ya taɓa ganin injin feshi mai batir da manoman albasa da shinkafa ke goyawa a fadamar Kwalkwalawa ya san shi, shi ne ke ƙara "trrrr" a gindin tankin. Wannan yana da turi, ba 3 ko 4 ba komai ba ne a wurinsa, yana zuƙo ruwa da kansa, in ya ɗan yi aiki a bushe ba ya mutuwa. A garin da wuta ke iya ɗaukewa allo yana tsakiyar ci, famfon da ke tafiya da batirin sola ni'ima ce. Ga shi kuma bolt 12 kusa da ruwan da ke ɗaukar lantarki ya fi kwanciyar hankali. Wanda duk zai sa na 230 kusa da wannan akwati, ya sa masa na'urar da ke yanke wuta in ta zurara, ta miliam 30, kada ya ce sai gobe.

Sai dai a nan ne buɗewa ta zama wajibi. Manyan kamfanoni irin Shurflo da Flojet suna rubuta abin da suka yi gida da fata da bawul da shi a takardar kowane samfuri, kuma samfuri ya bambanta da samfuri, don haka lambar za ka bi, ba sunan kamfani ba. Abin da kake nema: gida PP, fata Santoprene, bawul Viton ko EPDM. Marasa suna da ke cika kasuwa kuwa sai ka kwance sukurorin kan ka leƙa. Wurare uku nake dubawa. Bawul ɗin fita, ko akwai sifirin a ciki. Hanyar da ke mayar da ruwa baya in turi ya yi yawa, wadda a wasu samfuran sifirin ne ke riƙe da ita a tsakiyar ruwa. Sai makunnin turi da ke manne a kan famfon, a tabbatar akwai fatar roba tsakaninsa da ruwan. Ni cire wa nawa makunnin na yi daga layin wuta, saboda da ƙananan bakunan feshi yakan riƙa kunnawa yana kashewa kamar mai shaƙuwa. A madadinsa na raba bututun fita biyu, reshe ɗaya ya koma tanki ta bawul ɗin PVC, da shi nake daidaita turi.

Kada ka ɗauka wannan famfo na har abada ne. Motarsa mai burushi ce, ba a yi ta don yini tana gudu ba, amma minti biyar na ecin ba ya damunta. Ka ɗaure shi sama da tankin, in a tsaye ne kan ya kalli ƙasa mota a sama, domin ranar da fatar ta fashe ruwan ya zuba ƙasa, ba cikin mota ba. Ka sa fiyus.

Akwai na uku, mai matsa tiyo da 'yan tayoyi, wanda ruwa ba ya taɓa komai sai tiyon. Yana da kyau wajen ƙara sinadari kaɗan-kaɗan, amma ƙananan da muke samu ba su da ruwan da zai isa feshi. Famfon zubar da ruwa na injin wanki shi ma na gwada, gidansa PP ne amma turi babu.

Gwajin kwalba

Yaron shagona ne ya fara ba ni wannan shawara, ranar da ya gan ni ina jujjuya wani bawul ina tsaki. Ya ce, "Oga, mi zai hana mu jiƙa shi mu gani?" Tun daga ranar ba na haɗa sabon kaya sai ya kwana bakwai a kwalbar gilashi cike da ruwan da zan yi aiki da shi. Zobe, bawul, guntun tiyo, bakin feshi, kowanne da abokinsa a waje don kwatantawa. In ya kumbura, ko ya yi laushi, ko ya yi fari, ko farce ya kankare shi, ya faɗi. A wannan gwajin ne na gano cewa yawancin bakunan feshin gona masu launi asetal ne. Na PP ko PVDF su ne na ƙwarai. In ba su samu ba, ka sayi na gonan da yawa ka ɗauke su kayan ƙarewa, da feshin ya fara karkacewa ka canza. Mai bakin tagulla kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Haka matsen tiyo: na ƙarfe ya tsaya a wajen akwati, a ciki igiyar roba ba ta nailan ba, ko mahaɗin PVC da gam.

Zafin garinmu yana cikin lissafi. Ferik ya fi ci tsakanin digiri 40 da 50, mutanen Turai har hita suke sa masa. Mu a watan Afrilu da Mayu, jarkar da ta yini a shago ta riga ta kai nan da kanta. Abin tsoro shi ne wucewa, domin PVC yana fara laushi wajen digiri 60, kuma jarkar da aka bari a rana ƙarƙashin kwano, ga famfo yana ƙara mata nasa zafin, ba ta da nisa da nan. Da bazara da safe nake ecin. Da hunturu kuma sai in tsoma jarkar a bahon ruwan ɗumi tukuna, in kuma rufe komai, don ƙurar da ke shiga ko'ina ita ce ke toshe bakin feshi. Ɗan mataci na roba a bakin tiyon shiga yana maganin wannan, a duba kada ragarsa ta zama sitenles, don yawanci ita ce.

Gani ga wane ya ishi wane: lokacin da na koma kore mai HCl na ɗan wani lokaci, a ɗakin zaure nake feshi, murfin akwatin bai zauna sosai ba. Cikin mako biyu filaya da bakunan diri duk suka yi ja, har keken ɗinkin uwargida da ke jingine a lungu, wanda har yau ana tuna mini. Feshi yana tayar da hazo da ido ba ya gani, abin da ya yi wa keke zai yi wa huhu. A yi shi a waje ko gefen taga, murfi a rufe kafin a kunna, a jira ya lafa kafin a buɗe, da tabarau mai rufe gefe da safar hannu. Kada bilic ya kusanci wurin, haɗuwarsa da asid iskar kulorin ce.

In na gama, ina ciro tiyon shiga in bar famfon ya tofar da abin da ke cikinsa a tanki, sannan in tsoma tiyon a bokitin ruwa ya zagaya minti biyu zuwa wata jarka daban. Ferik da ya kwana a cikin famfo yana bushewa ya manne bawul. Ruwan ɗaurayar da sinadarin da ya gaji ba na zuba su a kwata, cike suke da jan ƙarfe, wanda ke kashe kifi, tumaki kuma ba sa jure shi ko kaɗan, ga su nan suna yawo a unguwa suna shan duk abin da suka tarar. Kanwa nake dakawa in riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan a babban bokiti, don kumfa yake yi sosai, har sai ya daina tashi. In ya kwana laka ta kwanta, sai in shanya ta inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, ta bushe in ɗure a jarka mai murfi. Famfon da ke kan akwatin yanzu ya ga bazara biyu, sau ɗaya na canza masa bawul, akwai kuma wasu biyu a kwalba suna jiran Juma'a su cika kwana bakwai.